Maganar injin a-kori-kurar Baba

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya yara, ya jikin Hajiya, ya ruwan Kumasi da baya ɗaukewa? Mu nan Kano alhamdulillahi sai zafi da tsadar mai. Kayi haƙuri na daɗe ban amsa maka ba, saƙon muryar nan naka mai minti bakwai kan injin da zan sa wa motar Baba na saurare shi ya kai sau uku, har bakanikenmu na kunna wa a gareji yana ta dariya wai ashe kai ma ka zama injiniya tunda ka koma zama kusa da Suame Magazine. Nace bari in zauna in rubuta maka komai a tsanake, don in na kira ka baka barina in kai aya.

Ka dai san motar, fijo 504 a-kori-kura ƙirar Kaduna, wadda muke ɗarewa bayanta ranar Juma'a in Baba zai je kasuwar Wudil, Allah ya jiƙansa. Shekara tara tana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, kaji har ƙwai suke yi a kan kujera. Abinda ya kwantar da ita tun farko yaron da ke tuƙa ta ne ya taho da kaya lagireto na yoyo bai tsaya ya duba ba, allura ta hau ja shi kuma yana ta taka mai har ta mutu da kanta. Da muka sauke injin watan jiya muka buɗe sai naga abin tausayi, top, wato kan injin, ya lanƙwashe, ruwa ya gangara cikin baƙin mai ya zama kamar kunu, kiranshaf dama an taɓa yanka shi sau biyu tun Baba na da rai, ga kuma tsagewa a jikin bulok ɗin ta wajen da ruwa ke bi. Oga, bakaniken namu, ya goge hannunsa da tsumma yace Alhaji wannan sai 'yan gwangwan. Jikin motar kuwa garau, shasi ba tsatsa sai kaɗan a ƙasan ƙofa, sifirin ɗin baya ganye ɗaya ne kawai ya karye.

To kace in sa injin Toyota in huta. Wallahi ban raina shawararka ba, nima da ita na fara. Akwai 3Y na tsohuwar Hiace mai cc 1998, akwai 22R na Hilux mai cc 2366, duk injina ne da basa jin wahala kuma kayansu ko a ƙauye zaka samu. Har mun je munga wata 504 da aka sa wa 3Y, mai ita ya buɗe mana bonet. A nan jikina ya fara sanyi. Kasan injin fijo a kwance yake ta gefe, a karkace, haka kamfani ya zana wajen zamansa, shi kuwa na Toyota a tsaye yake ƙyam, to sai da aka yanke mazaunin inji aka yi sabon walda, aka sake hanyar salansa, aka juya tiyon lagireto, wayoyi kuma an yi musu ɗinkin da ko mai wayarin ɗin da yayi ba lallai ya gane abinsa ba bayan shekara. Sannan injin Toyota baya auren giyabos ɗin fijo, dole ka sayo shi da nasa giyabos, shi kuma ya jawo yankan farfela da haɗa ta da walda, in ba a daidaita ta sosai ba tana kaiwa gudu tamanin zaka ji motar na kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Mutumin da kansa yace ya canza boris ɗin farfela sau biyu a shekara ɗaya. Motarsa tana tafiya, bance bata tafiya ba, amma kuɗin da na lissafa na walda da yanke-yanke kaɗai ya kusa rabin kuɗin injin, kuma duk randa ta tsaya maka a hanya sai ka fara yi wa bakanike bayanin wane ɓangare ne fijo wane ne Toyota kafin ya ɗauki sifana.

Wanda ya fi jan raina gaskiya shine na gas. Fijo da kansu sun yi 504 mai injin dizal, Indenor, akwai mai cc 2304 da ake ce wa XD2, akwai kuma babbansa mai cc 2498 da yazo a 505. Ga jan kaya, ga rashin shan mai, tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa lissafin lita yake yi ai. Kwana biyu ina ta saƙawa ina kwancewa. Amma kaga shi gas ɗin a nan dama can ba tallafi a kansa, yawanci litarsa ta fi ta fetur tsada, injin kuma ya fi nauyi sai gaban motar ya sunkuya, yana son babban batir saboda hita da kik, kuma zamansa da giyabos ba irin na mai fetur bane, gara ka same shi da nasa. Babban abinda ya kore ni shine famfon injekta da nozul. In kafireta ta toshe ko a gindin bishiya a Ɗambatta yaro zai kwance ta ya busa ya mayar, amma famfon gas in ya sha gurɓataccen mai sai ka ɗauko shi ka kawo birni wajen masu na'urar saiti, motar na can a yashe da kayan mutane. Kuma top ɗinsa na alminiyom ne, in yayi zafi sau ɗaya mai tsanani zai iya tsagewa, ni kuma na riga naga abinda zafi yayi wa na farko.

Masu cewa in sa na zamani mai birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ko tsayawa banyi ba. Motar da duk wayoyinta basu fi a ƙirga da hannu ba me zai haɗa ta da sensa.

Sai na dawo gida, wato injin fijo mai fetur, mai cc 1971, wanda ke cikin 504 da kuma 505 masu kafireta. Kamfanin Kaduna tun 1975 yake harhaɗa fijo a Kakuri kuma 504 bata daina fitowa daga can ba sai tsakiyar shekarun 2000, shiyasa duk garin da ka shiga a arewa akwai dattijon da zai kwance injin nan ido rufe. Wani abin da nake so da shi, silindarsa zarewa ake yi, in ta cinye ba sai an kai bulok wajen gundura ba, a sayo sabon silif da fistin da rin a zura, inji ya dawo yaro. Ya zauna a mazauninsa ba walda, salansa ta shiga wajenta, tiyo ya shiga wajensa.

Neman mai kyau ɗin ne aiki. Mun zaga Ƙofar Ruwa kwana biyu, har Panteka mun leƙa a Kaduna, injinan suna nan amma yawanci sun sha duniya, Beljam na gaske ya yi wuya tunda Turawan ma sun daɗe da daina hawa. Wani dillali ya ja mu can wani lungu a bayan gari ya nuna mana wani an wanke shi tas an fesa masa fenti yana sheƙi, yana ta rantsuwa wai daga Kwatano aka sauke shi satin nan. Ni har na fara taya shi. Oga bai ce komai ba, ya buɗe murfin baƙin mai ya zura yatsa ya shafo cikin murfin ya miƙo min, wani farin abu kamar kindirmo, yace kaga ruwa na haɗuwa da mai. Ya kwance fulogi huɗun ya jera su a kan bulo, uku sunyi baƙi ɗaya kuma fes kamar an wanke shi, yace wannan silindar ce ke shan ruwan. Dillalin sai ya koma wai ai gaskit ne kawai. Muka ce Allah ya kawo kasuwa. A mota Oga yake ce min duk injin da kaga an yi masa kwalliya ka tambaya me ake ɓoyewa, shi ya fi son ya ganshi da dattinsa ya ga ta inda mai ke tsattsafowa.

Wanda muka saya a ƙarshe daga jikin wata 505 aka cire shi, wadda tirela ta murƙushe wa baya. Mummuna ne, duk ƙura da maiƙo. Aka ɗora shi a kan tsohuwar taya, aka kawo batir da galan ɗin fetur aka tashe shi a ƙasa, ya kama a bugu na biyu, ba shuɗin hayaƙi ba fari, muka sa gejin kwamfireshan silinda huɗun duk sun zo kusa da juna. Na biya na karɓi rasit mai lambar inji a jiki, don sai na je an gyara lambar a takardun mota, bana son wata rana a tare ni a hanya ana tambayata injin waye.

Saura giyabos, nan ne muka yi musu da Oga sosai, kuma nan nake son ka fahimce ni don nasan zaka ce na yi ƙauyanci. Mai 505 ɗin yana da giyabos ɗinta mai giya biyar, yace in haɗa duka zai rage min. Ni ina so, don namu mai huɗu ne kuma ka tuna yadda motar ke kuka a hanyar Zariya in ta kai ɗari, kamar zata tashi sama. Dalilin kukan bak-aksul ne, na a-kori-kura an yi shi ne don jan kaya, inji sai ya juya da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya, giya ta huɗu kuma kai tsaye take, yadda inji ya juya haka farfela zata juya. Ta biyar ita ce ke sa farfela ta fi inji sauri, sai kuka ya ragu mai ma ya ragu. Duk wannan gaskiya ne. Amma da muka ajiye su gefe da gefe muka sa tef, mai biyar ɗin ya fi tsawo kuma wutsiyarsa bata zauna da farfelarmu ba, an dawo maganar yanka da walda kenan da na gudu a wajen Toyota. Sannan giyar motar Baba a jikin sitiyari take, mai biyar kuwa ta ƙasa ce, sai an huda bene an fito da sanda a daidai inda mutum na uku ke ajiye ƙafa, inda ni da kai muke faɗan waye zai zauna. Oga ya tambaye ni wai tsakani da Allah sau nawa zaka sa giya biyar da buhu goma na masara a baya a hanyar ƙauye zuwa Dawanau? Nayi shiru, don aikin da na tashe ta dominsa kenan, ba zuwa Abuja ba.

Sai muka buɗe namu na asali. Mun tsiyaye man muka duba ba ɓurɓushin ƙarfe sosai, haƙoran lafiya, zoben giya ta biyu ne ya cinye shiyasa take ƙara in za a sa ta, sai boris ɗaya da sil na gaba da na baya. An canza su, na sa sabon kuloci gaba ɗaya da faranti da kwano da rilis tunda an riga an sauke, lagireto kuma na kai an sa masa sabon ciki, wannan ban yi ciniki ba ma. Shekaranjiya aka ɗaura komai. Da aka murza makulli ta tashi, Inna tana daga cikin gida ta aiko yaro wai a tambaya motar waye a waje, kukanta irin na motar Malam.

Yanzu saura birki da fanalbita da fenti, fara zan mayar da ita yadda take. Maganar iskar gas ta CNG da ake ta yi ma ance mai kafireta yana karɓa, amma tukunyar zata cinye min wajen buhu biyu a baya, na barshi sai gaba.

Abinda zan roƙe ka, tunda kullum kana cika baki da Suame ɗinku, ka duba min zakin nan na gaban mota, namu yara sun ɓalle shi tuntuni, da fitilun baya na a-kori-kura guda biyu, ba na salun ba, ka lura ba iri ɗaya bane. In ka samu kafireta Solex mai lafiya ka turo min hotonta tukuna kafin ka biya in nuna wa Oga. Ka ba direbobin da ke tahowa da goro su taho min da su, kar ka manta ka sa min goron ma a ciki. Ka gaida Hajiya da yara, Inna tana gaishe ka tace yaushe zaka zo.

Naka,
abokinka na Kano