Wasika: Waye ke jefa kuri'a da tokin dinka?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya kokari, Allah ya kara basira. Dan Allah a bani dan fili a shafin wasiku inyi magana da 'yan uwana matasa 'yan kirifto, musamman namu na nan Arewa. Batun halacci ko haramcin kirifto ba shi ya kawo ni ba, wannan na malamai ne. Abinda ya dame ni shine kullum hirarmu bata wuce farashi ya hau farashi ya fadi, wane eyadrof (rabon kirifto kyauta) ne zai fashe, yaushe za'a yi listin (saka shi a kasuwar musaya). Ban taba zama a majalisa naji wani ya tambayi dan uwansa wa ka ba wakilcin kuri'arka ba, alhali da yawa daga tokin din, wato kwandalolin kirifto, da muke rike dasu kuri'a ce a cikinsu, kuma wallahi ko mun jefa ko bamu jefa ba akwai masu yanke hukunci akan dukiyar.

Ga wanda bai saba da harkar ba, manyan manhajojin bulokcen, wato kundin intanet da ake rubuta mu'amalar kirifto a ciki, irinsu Uniswap da Compound da Arbitrum suna da abinda ake kira DAO, wato kamar kungiya ce da akace bata da shugaba guda, masu rike da tokin sune zasu rika zabe akan komai, nawa za'a rika cajin mutane, wa za'a ba kudi daga baitulmali, wace doka za'a canza. Sai dai zaben ba irin namu bane na mutum daya kuri'a daya. Tokin daya kuri'a daya ne, mai miliyan goma yanada kuri'a miliyan goma, kai mai dari biyu kanada dari biyu. Da yake ba kowa keda lokacin karanta kudiri ba sai aka kawo tsarin wakilci, ka zabi wani ka bashi nauyin kuri'arka shi ya rika jefawa, tokin yana nan a walet dinka, wato asusunka na kirifto, bai iya taba shi ba. Sunan wannan mutumin daliget. Eh, sunan da muka sani a zaben fidda gwani na jam'iyyu, kuma duk dan Najeriya ya san abinda ke zuwa ransa in yaji wannan kalmar.

Ni abin ya fara damuna ne a farkon 2025. Ina da 'yan ADA kadan, kudin bulokcen din Cardano, da nake stekin dinsu, wato na jingina su ga tsarin ana bani lada, rannan naje cire ladan da ya taru sai naga ya ki fita, ashe tun sauyin da Cardano tayi a karshen Janairun 2025 mai suna Plomin an sa doka cewa sai ka mika wakilcinka ga wani da suke kira DRep, wato daliget din Cardano, ko ka zabi cewa kai ka kaurace wa zabe gaba daya, ko kuma baka amince da masu kula da tsarin ba, kafin ka iya cire ladanka. Gaskiya abinda nayi shine na danna sunan da na fara gani a saman jeri, ban karanta komai akansa ba, burina kawai kudina su fito. Sai bayan wasu watanni na koma na duba yadda yake zabe naga ya goyi bayan fitar da kudi daga baitulmali zuwa wani aiki da ni da kaina da an tambaye ni zance a'a. Mutumin bai ci amanata ba, abinda ya yarda dashi yayi, ni ne na mika amana ga wanda ban sani ba. Kuma baitulmalin Cardano ba karamin abu bane, ADA sama da biliyan daya ne a ciki. Sai na fara tunanin mu nawa ne muka danna sunan farko don sauri, kuma wannan shi yasa wanda ke sama yake kara hawa, don mai zuwa a bayanka shima shi zai fara gani.

Wannan rashin kulawar ba yau ta fara ba. A 2016 lokacin da aka wawashe asusun wata kungiyar zuba jari mai suna The DAO aka kwashe ETH, kudin Ethereum, kusan miliyan 3.6, sai akayi kuri'a ko a sauya tarihin bulokcen din Ethereum a maido wa mutane kudinsu. Hukuncin da ya raba Ethereum gida biyu kenan har aka samu Ethereum Classic, amma kudin da suka shiga zaben kashi 5.5 ne kacal cikin 100 na duk ETH din dake akwai lokacin, kuma kusan kashi daya cikin hudu na kuri'un amincewa daga adireshi guda suka fito. Mu muna kuka da zaben shugaban kasa na 2023 da mutum miliyan 93 sukayi rajista amma wajen miliyan 25 suka fito, wato kusan kashi 27, to acan sau da yawa in aka samu kashi 10 ma ana ganin an fito.

Dalilin a fili yake. Mai tokin din dala hamsin zai ce me kuri'ata zata canza a gaban mai miliyoyi, ga kudirin dogon turanci ne cike da lissafi, wani lokacin ma sai ka biya kudin gas, wato cajin mu'amala, kafin ka jefa. A Uniswap da aka raba wa tsofaffin masu amfani da ita tokin dinta UNI 400 kowanne a Satumban 2020, tokin dinka ma baya kirguwa a zabe sai ka fara mika wakilci, ko ga kanka ko ga wani, kuma ana bukatar kuri'a miliyan 40 kafin kudiri ya wuce. To waye keda irin wannan nauyi? Kamfanonin zuba jari. A Fabrairun 2023 da ake zaben kai Uniswap kan wani bulokcen mai suna BNB Chain, kamfanin a16z shi kadai ya jefa kuri'a miliyan 15 yana adawa, kuma kowa ya san yana da jari a LayerZero, gadar hada bulokcen da bulokcen wadda aka bari a kudirin aka dauki kishiyarta Wormhole. Kudirin ya wuce duk da haka, amma ranar mutane da yawa suka ga girman hannu daya.

Wanda yafi tsaya min a rai shine na Compound a watan Yulin 2024. Wasu gungu da ake kira Golden Boys karkashin wani babban mai kudi da aka fi sani da Humpy suka kawo kudirin a basu tokin din Compound, wato COMP, guda 499,000 daga baitulmali, wajen dala miliyan 24, su saka a wani asusu da suke juyawa. Sun gwada a baya bai yiwu ba, basu hakura ba suka ci gaba da tara kuri'a, suka sake kawowa a matsayin kudiri na 289, zaben ya kare a karshen mako lokacin da mutane suka shagala, ya wuce da kuri'a wajen dubu 682 akan dubu 633. COMP miliyan 10 ne gaba daya a duniya, kaga wadanda suka fito basu kai miliyan daya da rabi ba. Babu wanda ya fasa kwamfuta, babu wanda ya saci makulli, doka suka bi daki daki. Sai bango ya tsage kadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar anan daliget ne da aka ba amana basu zo ba, da masu tokin da basu ba kowa ba. Daga baya dai aka zauna akayi sulhu suka janye, amma da sun ki fa?

Akwai kuma na wata manhajar kirifto mai suna Beanstalk a Afrilun 2022, inda wani ya ciyo bashin kiftawa da bismillah, irin wanda ake karba a biya a cikin mu'amala guda, ya mallaki sama da kashi biyu cikin uku na kuri'u na 'yan dakikoki, ya zartar da kudirinsa na kwashe asusun, aka tafka asarar wajen dala miliyan 182. A bangaren manhajar musayar tokin ta Curve kuwa sayen kuri'a kasuwa ce a bude, akwai dandali irin Votium da ake biyan masu kuri'a don su karkata ladan da manhajar ke rabawa zuwa wani waje, kuma su da bakinsu cin hanci suke kiran kudin. Shi kansa Vitalik Buterin da ya kirkiro Ethereum ya rubuta a 2021 cewa zabe da yawan kudi yana da hadari, ya kamata a nemi abinda ya fishi.

Amma Malam Edita labarin da nafi so 'yan uwana su rike shine na bulokcen din Steem, don shi ya shafe mu kai tsaye, tunda mafi yawanmu kudinmu a manhajar kasuwar musaya muke barinsu bama kaisu walet din da makullinsa na sirri ke hannunmu. A Fabrairun 2020 Justin Sun mai bulokcen din Tron ya sayi Steemit, kamfanin da ya kafa Steem, rikici ya barke tsakaninsa da shaidu 20 da jama'a suka zaba suna tafiyar da bulokcen din. A farkon Maris sai kasuwannin musaya na Binance da Huobi da Poloniex sukayi amfani da STEEM din da kwastomomi suka ajiye a wajensu suka jefa kuri'a, aka sauke shaidun nan gaba daya aka dora wasu. Masu kudin ba'a tambaye su ba, wasu ma sunzo cirewa suka tarar an kulle don sai an daure tokin kafin ayi zabe dashi. Binance da Huobi sun janye kuri'unsu da surutu yayi yawa, amma aikin gama ya gama, ranar 20 ga Maris jama'ar suka balle suka kafa nasu bulokcen mai suna Hive. Wato kenan ko baka nada wakili ba, wanda ke rike da makullinka shine wakilinka.

Duk da wannan ni bana cikin masu cewa a soke wakilci, don in akace dole kowa ya karanta kowane kudiri da kansa to masu kudi da ma'aikatansu ne kawai zasu rage a fili. Kuma akwai abu biyu da daliget din bulokcen ya bambanta da na jam'iyya. Na jam'iyya in ya shiga filin taro baka san wa ya zaba ba, baka san me aka bashi a otal ba, kuma ba yadda zakayi dashi sai wani zagayen. Na bulokcen duk kuri'ar da ya jefa a rubuce take har abada, kowa zai iya budewa ya gani, kuma yau in ka ga abinda baka so yau zaka kwace wakilcinka ka ba wani, da kudin da bai kai na katin waya ba a mafi yawan wurare. A Cardano ma DRep din da ya dauki wajen kwana 100 bai yi zabe ba ana ajiye shi a matsayin wanda baya aiki. Wannan dama ce da bamu taba samu a siyasarmu ba, shine muke wasa da ita, abin yana min ciwo. Najeriya tazo ta biyu a duniya a jadawalin amfani da kirifto na kamfanin bincike Chainalysis a 2023 da 2024, yawanmu ba kadan bane, amma mun tsaya a danna waya irin na lokacin wasannin Notcoin da Hamster Kombat, a raba tokin mu sayar a ranar mu wuce, wasu can su zauna da mulkin.

Ni dai na canza nawa wakilin, kuma kafin in bashi saida na duba zabe nawa ya halarta, ko yana rubuta dalilin da yasa ya zabi eh ko a'a, ko ya bayyana wanda ke biyansa, sannan da gangan na tsallake manyan dake saman jeri. Duk karshen wata ina lekawa inga me yayi, bai dauke ni minti goma.

Rokona gare ku Malam Edita, a shafinku na kimiyya da fasaha ku rika dan fassara mana manyan kudirorin da ake zabe akansu a irin wadannan kungiyoyi da Hausa mai sauki, ko da sau daya ne a wata, don turancin ne ke korar da yawanmu. Masu koyar da kirifto a Kano da Kaduna da Zariya da ke karbar kudin aji suma dan Allah su kara darasin nan, yadda ake mika wakilci da yadda ake janye shi, kafin su kai dalibi ga karatun jadawalin farashi. In kuma akwai DRep ko daliget Bahaushe dake wannan aiki tsakani da Allah, ya rubuto ta wannan shafi ya fada mana yadda yake zabe, ni ina nema.

Wassalam, na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Sabon Gari, Zariya