Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu Kan Ofishin Ilimi

Mai girma Ciyaman,

Assalamu alaikum. Ina taya ka murnar hawa wannan kujera, Allah ya taya ka riƙo. Sau biyu ina zuwa sakatariya don mu gana, sai in tarar 'yan taya murna sun cika baranda har waje, ni kuwa gwiwoyina sun daina jure dogon tsayi. Shi ya sa na ce bari in rubuto, kuma in rubuto a fili, tunda maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. In ka ji harshena ya yi kaifi ka yi haƙuri. Ni na koya maka lissafi a aji huɗu, kuma tsohon malami ba ya ganin kuskure ya wuce bai ɗauki jan biro ba.

Maganata a kan ofishin ilimi ce, ɗan ginin nan mai ɗaki uku da ke bayan sakatariya, wanda kowa ke ce wa LEA. Na san ba shi ne zai fara zuwa maka a rai ba, don ba a nan kwangila take ba. Amma duk yaron da ke zuwa firamaren gwamnati a ƙasar nan tamu, abin da aka rubuta ko aka ƙi rubutawa a ɗakunan nan uku shi ke yanke masa ko zai ga malami gobe da safe.

Na fara riƙe alli a 1978, shekara biyu bayan ƙaddamar da UPE, shirin nan na ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin da makarantu suka yi yawa malamai suka yi kaɗan har ana ɗaukar waɗanda ba su gama horo ba. Na yi shekara 35 ina aiki, a idona aka yi ta jujjuya firamare daga wannan hannu zuwa wancan. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, muka ɗan sarara. A 1991 gwamnatin soja ta rushe ta, ta danƙa komai ga ƙananan hukumomi, sai a 1993 aka dawo da ita. Waɗannan shekaru biyu na tsakiya ba na son tuna su. Wata ya mutu, wani ya kama, babu albashi. Akuyoyin matata na sayar ɗaya bayan ɗaya, mai awo kuwa in ya hango ni sai ya shiga gyaran buhu kamar bai gan ni ba.

Tsarin da muke kai yanzu na dokar ilimin bai-ɗaya ne ta 2004: hukumar tarayya UBEC a Abuja, hukumar jiha SUBEB a babban birnin jiha, sannan ofishinmu a can ƙasa. Tarayya na ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarta, jiha ba ta taɓa nata rabon sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta, kuma da wannan kuɗi ake yawancin gine-gine da sayen benci. Albashin malamai daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi. To me ya rage wa ɗan ofishinmu? Ya tura malami inda ake buƙatarsa, ya je ya duba ko yana can, ya rubuta gaskiyar abin da ya gani. Ba aikin kuɗi mai yawa ba ne, kuma a nan ɗin muka fi faɗuwa.

Dalilin kuwa ƙanƙantarmu ce. A ƙaramar hukuma irin tamu babu baƙo. Sakataren ilimi ya ɗauko takardar tuhuma zai rubuta wa malamin da ya yi wata bai leƙa aji ba, sai ya tuna surukin kansila ne, ko ɗan limamin unguwarsu, ko wanda suka yi kwalejin horon malamai tare. Yau a tura malama makarantar ƙetaren rafi, gobe bayan isha'i dattawa uku sun yi sallama a ƙofar gidan sakatare, jibi an soke takarda. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Sakamakon kana iya ganinsa da idonka: a babbar firamaren cikin gari malamai na zaune gindin darbejiya suna jiran wani ya fito daga aji su shiga, a ƙauyenmu kuwa malamai biyu ne ke riƙe da aji shida. Ranar da ɗaya ya tafi banki cikin gari, ɗayan sai ya tara yaran wuri guda ya sa su karatun baƙi da babbar murya har a tashi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. A tsakanin malamanmu gaba ɗaya wataƙila lissafin bai yi nisa da haka sosai ba. Rabon ne ya karkace.

Ba zan wanke kaina ba. Ni ma na taɓa yin irin wannan sallamar ta dare, saboda 'yar ƙanwata da aka tura wani ƙauye, kuma aka dawo da ita. Shekara ta zagayo ba a kai wa makarantar nan madadinta ba. Har yau in na bi ta garin sai in ji nauyi.

Kuma ba na ganin laifin malaman gaba ɗaya. Matar da ke da goyo da miji a cikin gari, ka tura ta inda babu gidan malamai, kuɗin babur zuwa da dawowa tun bayan cire tallafin mai a 2023 ya cinye mata rabin albashi, me kake so ta yi? Maganin yana cikin ƙauyukan kansu. Akwai 'ya'yanmu masu takardar shaidar koyarwa ta NCE da ke zaune, wasu ma suna koyarwa a kan ɗan abin da iyayen yara ke haɗa musu. Duk lokacin da aka ba da gurbin ɗaukar malamai, a fara da su, a kuma rubuta a takardar ɗauka cewa makarantar garinsu aka ɗauke su dominta. Wanda gonarsa da iyayensa ke nan ba zai nemi a mai da shi gari ba, kuma kunyar nan da ke hana sakatare tuhuma ita ce za ta hana shi fashin aiki.

Ga abin da na fi roƙonka, kuma kuɗinsa bai wuce na takarda da gam ba. Ka sa a buga sunayen duk malaman da ake biya da sunan kowace makaranta, a manna a bangon makarantar, a ba dagaci kwafi, a ba kwamitin makaranta kwafi. Na ga kwamitocin tantancewa ba adadi. A tara malamai cikin rana da takardunsu a leda, a ɗauki hoto, a dangwala yatsa, bayan wata uku sunayen bogi su koma inda suke. Matar da ke sayar da ƙosai a bakin makaranta ta fi kowane kwamiti sanin wanda ke zuwa da wanda ba a taɓa gani ba. Ba a dai taɓa nuna mata takardar ba ne.

Sufetocin makarantu kuma a ba su mai. Babur ɗin da ba shi da mai, mai shi a cikin gari zai zauna, hedimasta ya kawo masa littafin baƙi ya sa hannu kamar ya je. Kowa ya san ana yi.

Mu 'yan kwamitin makaranta, wato SBMC, da ni da dagaci da wakiliyar mata da sauran, ba a tuna da mu sai baƙi za su zo. Bara muka wayi gari muka ga tifa na zube yashi, ashe an ba da kwangilar aji biyu. Ba wanda ya tambaye mu. Aka dasa ginin a kwarin da ruwa ke kwanciya duk damina, alhali abin da ke damunmu kwanon da iska ta yaye ne, da rashin masai. Kai namiji ne, wataƙila ba a taɓa gaya maka ba: yarinya in ta fara girma, makarantar da ba ta da wurin kewayawa ba ta daɗewa a cikinta. Na san ba daga ofishinka kwangilar ta fito ba. Amma jerin buƙatun da ake aikawa sama daga ofishin ilimi yake tashi, kuma babu abin da zai hana a zauna da mu kafin a rubuta shi.

Sai batun kuɗi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Aiwatarwa wani zance ne daban. Amma ka lura, yayin da 'yan siyasa ke murna, tsofaffin malamai shiru muka yi, saboda 1991. Ba tsoron banza ba ne: a 2025 malaman firamare na Abuja, waɗanda albashinsu ke wuyan ƙananan hukumomin birnin, sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Idan har a Abuja an yi haka, ina ga mu? Duk ranar da kuɗin ya faɗo hannunka, ka fitar da na malamai kafin ka saurari kowa, ka faɗa a bainar jama'a tun yanzu don ya zame maka alkawari.

An ce mini ana ta kai maka sunayen masu son kujerar sakataren ilimi. Ko kai za ka naɗa, ko suna za ka aika sama, kowa ya san bakinka ne. Waɗanda suka yi maka wahalar kamfe sun cancanci sakayya, akwai wuraren da za ka sa su. Wannan kujera dai ka ba malamin da ya taɓa kwana a ƙauye saboda aiki, wanda zai iya shayar da dattawan dare ruwa, ya raka su bakin ƙofa cikin mutunci, takarda kuma ta zauna yadda take. Irin wannan mutum ba zai yi wata shida ba sai an kawo maka ƙararsa. Ranar ce zan san ko ka karanta wasiƙar nan.

Kafin nan, ka zo ka gani. Makarantunmu ba su da yawa, mai babur zai zagaye su cikin mako biyu. Ka fara da tamu. Ka zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, don kada a ce kasuwa ce ta kwashe mutane, kuma kada ka gaya wa kowa, ko direbanka sai kun hau hanya. Ƙaramar mota ba ta wuce mashigin rafi, a nan za ka bar ta. Ka iso kafin ƙarfe takwas. Za ka same ni gindin tsamiya kusa da ajin da ba shi da rufi, da rajista a hannuna.

Wassalam.

Tsohon malaminka na aji huɗu,
shugaban kwamitin makarantar ƙauyenmu.