Zuwa ga Sarkin Bakan Alaska

Boisi, Aidaho
Lahadi da dare

Assalamu alaikum Sarkin Baka,

Wata bakwai babu ko gaisuwa, sai da bindiga ta cije maka ka tuna da lambata. Halin Bakano ke nan, ba ya neman Bazazzagi sai ciniki ya ɓaci. Na yafe, don Hajiya ta ce in yafe. Ya sanyi, ya Maman Biyu, ya ƙafar autanka? Saƙonka na murya minti goma sha ɗaya ne, tara daga ciki zagin libarba, shi ya sa na ga gara in rubuta ka karanta a natse.

Kada ka sayar da ita. Ka ce uku sun tashi lafiya, a na huɗu ganga, wato mai ɗakuna shida da harsasai ke zama a ciki, ta ƙi juyawa, hama ta ƙi ɗaguwa. Da ka ɗaga ta ka kalli haske ta tsakanin ganga da bututu, da ka ga kan dalma ya leƙo ya tokare gindin bututun. Ga yadda abin ke faruwa. Duk harbi bindiga tana shuri baya, tana jan kwansunan da suka rage ta leɓen gindinsu, ita kuwa dalmar da ke bakinsu nauyinta yana so ta tsaya inda take. Kowane shuri sai ta zame gaba kaɗan. Bindiga mara nauyi ta fi fizga, dalma mai nauyi ta fi turjewa, kai kuma ka haɗa biyun: 'yar .44 da ba ta cika kilo ɗaya ba, da harsashi mai giren 320, kusan giram 21. Ka ɗora wa ɗan maraƙi kayan raƙumi, sannan kana zaginsa.

Duk mai cika harsashi da kansa irinka, matse bakin kwanso yake fara ƙarawa, alhali abin da ke riƙe dalma da gaske jikin kwanso ne da ya rungume ta. Ka ciro sandar nan mai buɗa bakin kwanso ka auna. Ya kamata ta gaza kaurin harsashinka da inci 0.002 zuwa 0.003, in naka 0.431 ne, kada ta wuce 0.429. In riƙon ya yi, za ka ga shatin gindin dalmar a jikin tagulla kamar maciji ya haɗiyi ƙwai. Kwanson da aka sha cikawa tagullarsa ta ƙeƙashe, ba ta sake kamawa, don haka na daji sai sabo ko wanda aka harba sau ɗaya. A datse su tsawo ɗaya, inci 1.275, in ba haka ba wani bakin ya lanƙwasu sosai, wani da ƙyar. Zaunar da dalma bugu ɗaya, lanƙwasa baki wani bugun daban, leɓen kuma ya faɗa cikin tsagar da aka yi dominsa. In ka zaƙe da matsi, kwanso ya kumbura ƙasa da baki, riƙon da kake nema ya saki, wani lokacin ma ya ƙi shiga ɗakinsa.

Gwajin ba wuya. Cika shida, sa wa ɗaya alama ka auna tsawonsa, harba biyar, sake cika biyar ka harba, shi mai alamar yana zaune yana shan shuri goma. In ya ƙaru fiye da inci 0.005, bai isa shiga daji ba. Na kanti ma haka za ka yi musu, tsadar kwali ba shaida ba ce. Ka kuma duba sararin da ya rage a gaban ganga: ƙa'idar tsawon .44 Magnum inci 1.610 ne, masu nauyin nan sukan wuce haka, kuma ba duk ganguna ne tsawonsu ɗaya ba.

Batun .500 da surukinka yake zuga ka, shi da ko rago bai taɓa kayarwa ba sai an riƙe masa. Tun da Smith & Wesson suka fito da ita a 2003 take burge mutane a kanti, amma mai dogon hancin ta kai kilo biyu ba harsashi. Bindigar da nauyinta ya sa ka bar ta a mota ranar da ka je ɗiban itace, me ta tsare maka? Ita .454 Casull tana aiki da matsin da ya kai fam 65,000 a kan inci murabba'i, taka 36,000, kuma wannan zamewar dalma da ta ba ka haushi ta fi yawa a can. Elmer Keith, mutumin Salmon a nan jiharmu, wanda matsa lambarsa ta haifi .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, da harsashi mai giren 250 ya yi suna, haɗinsa kuma dalma kashi 16 kuza kashi 1, mai laushi in ka kwatanta da abin da ake yayi yanzu. Abin da ke aiki a jikin dabba faɗin goshin harsashi ne da tafiyarsa miƙe. Veral Smith na LBT, kamfanin ƙera mazubin harsashi, a kan haka ya gina mazubansa, goshi shimfiɗaɗɗe da ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na kaurin harsashin. Giren 280 zuwa 300 a gudun ƙafa 1,100 zuwa 1,200 a daƙiƙa ya ishe ka harbin mus, ƙatuwar barewar nan ta Alaska, kuma hannunka zai iya maimaitawa. Gudun da ya wuce haka yawancinsa a wuyan hannunka yake ƙarewa. Yawan albarushi kuwa ba zan rubuta maka ba, ka buɗe littafin masu yin sa ka bi abin da suka gwada.

Af, kafin in manta. Dogo ya yi aure na biyu, kuma ba wadda muke zato ba. Liman ya ɗaura a falonsa bayan Isha'i, mutum bakwai, goro ma na cikin firiza ne. Uwargida ta tafi wurin 'yarta a Hustan ta ce jinya. Kai aka ce za a wakilta wajen biko, na ce wanda bindigarsa ma ta yi masa yaji ina zai iya.

Dalmar da ka ce tana liƙewa a bututu, ka ga laifin laushi ka tafi neman mai tauri. Sau da yawa akasin haka ne. Ka leƙa ka ga inda ta taru. In a farkon bututu ne, harsashin ya yi siriri ko ya yi tauri, wutar albarushi tana bi ta gefensa tana zaftare shi tana shafawa. In kusa da baki ne, man da ke tsagarsa ya ƙare kafin ya fita, ko gudun ya yi yawa. A libarba maƙogwaron ganga ne alƙali, wato ƙarshen kowane ɗaki inda dalma ke bi ta fita. Ka tura ƙwallon dalma zalla ta cikin bututu da sandar tagulla ka auna shi, yawanci 0.429 zai ba ka. Maƙogwaro dole ya kai haka ko ya ɗara da 0.001. In ya fi bututu ƙunci, duk girman da ka ba harsashi zai tatse shi ya miƙa wa bututu ragagge, maganinsa kuma maƙerin bindiga ne ya share su duka shida su zo ɗaya. Harsashin da ya dace shi ne wanda zai wuce maƙogwaro da ɗan turin yatsa, ba ya faɗa da kansa, ba sai an buga ba. Yayin tura ƙwallon ka lura ko ya cije daidai inda bututu ya shiga jikin bindiga. Ɗaurin zaren wurin yakan matse ramin, shi ma yana kawo liƙewa. Wadda ta riga ta liƙe, ka naɗa zaren soson jan ƙarfe na wanke tukunya a tsohon buroshi ka goge. Ka fara gwada soson da maganaɗisu, in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, zai karce maka ciki.

Haɗin kuwa, dalma zalla taurinta 5 ne a ma'aunin Birinel, ta yi laushi. Haɗin Lyman mai lamba 2, dalma 90, kuza 5, antimoni 5, yana ba da 15, kuma ya wadatar da duk abin da .44 za ta yi. Dalmar maɗaba'a da mai kantin nan yake cusa maka ta kai 22, amma antimoninta 12 ne cikin ɗari, tauri ne irin na tangaran, in ta haɗu da ƙashin kafaɗa tana iya tarwatsewa. Dalmar balansin taya mai maƙali ta fi ta: wajen 12 in ta huce a iska, in ta faɗa ruwa daga mazubi tana hawa kusan 18 ko fiye bayan kwanaki, kuma ba ta fashewa. Sai dai yanzu rabin bokitin da za a ba ka tutiya ne da ƙarfe. Dalma tana narkewa a digiri 327 na Salsiyas, tutiya sai 420. Ka tsayar da tukunya wajen 370 da ma'aunin zafi, duk abin da ya taso bai narke ba ka kwashe. In tutiya ta narke ciki, haɗin ya zama kamar kunun da ya yi gudaji, ba ya cika mazubi, sai zubarwa.

Ruwan ya narke, ka barbaɗa busasshen garin katako ka juya har ƙasa, ka kwashe kashin. Mazubi a wanke shi tas daga mai, a ɗumama shi a gefen tukunya. Harsashi mai tamoji, mazubi ya yi sanyi ko akwai mai. Mai fari-fari kamar an barbaɗa gari, zafi ya ɗan yi yawa, amma ba aibi ba ne. Gindi shi ne abin dubawa: in gefensa bai fito da kaifi ko'ina ba, mayar da shi tukunya, don gindi ne ke tuƙa harsashi. Ka bar ɗan tudun ruwa a saman marfi ya ciyar da ciki yayin da yake ƙanƙancewa, ka jira ya daskare kafin ka yanke, in ka yi gaggawa ya yage ya bar rami. Na farauta ka ɗora su a sikeli ɗaya ɗaya, wanda ya gaza 'yan'uwansa da fiye da giren ɗaya akwai kogo a cikinsa. Mai 'yar hular jan ƙarfe a gindi ya fi yafe kuskure in gudu ya haura.

Nan ba wasa nake ba. Ɗigon ruwa ɗaya da ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma zai watsa tukunyar duka a fuskarka, kuma dalmar da ta kwana a garejinka a wannan sanyin tana yin gumi in ta shigo ɗumi. A ɗumama komai kafin ya shiga, har ludayi. Bokitin ruwan ya yi nisa da tukunya. Tabarau, safar fata, doguwar riga ta auduga, ƙofa a buɗe. Ba ci, ba goro, ba shayi a wurin, kayan aikin kuma ba sa shiga wanki ɗaya da na yara. Kai ka san abin da ƙurar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, yara sama da 400 suka rasu, kuma a jikin tufafi da tsakar gida ta same su. 'Yan biyunka suna rarrafe. Kashin da ka kwashe ya fi ita kanta dalmar haɗari, a gwangwani mai murfi yake zama.

Ka ce wai libarba ba ta taɓa cijewa, shi ya sa abin ya ba ka tsoro. Tana cijewa, kuma in ta cije ba a gyara ta da bugun tafin hannu. Ƙwayar albarushi ɗaya da ba ta ƙone ba in ta shiga ƙarƙashin tauraron da ke fitar da kwanso, ganga ba za ta rufu ba. Ka riƙa ɗaga bakinta sama in za ka zubar da kwanso, ka ajiye tsohon buroshin haƙori a aljihu. Hular wuta, wadda hama ke bugawa ta kunna albarushi, da ba ta zauna ƙasa da gindin kwanso ba tana gogar bango, ka shafa kowace da yatsa. Sandar fitar da kwanso tana kwancewa da shuri, haka sukurorin jiki, ɗigon gam ɗin sukurori na Loctite shuɗi ya isa, ban da ja. Ratar ganga da bututu 0.004 zuwa 0.006 ce mai kyau, in ta fi haka ƙunci dauɗar man harsashi za ta riƙe ta. Sifirin ɗin hama da ka ce an sassauta maka don kunama ta yi laushi, a mayar da na asali, domin mai ya yi kauri a sanyinku, bugu ya yi rauni, hula ta ƙi tashi. Cikin hunturu a goge man duka a bar ta kusan a bushe. Albarushi mai jinkirin ci irin H110 ba ya son a rage shi, ba ya son sanyi, sai da hular magnum. In ka ji harbi ya yi ƙaramar ƙara, tsaya, ka leƙa bututu kafin na gaba, wataƙila dalma tana ciki.

Feshin barkonon korar beyar dai ya zauna a ƙirjinka ko da bindiga a kugu. In kuma farautar Kalifoniya da kuke shiryawa da Dogo tana nan, tun Yulin 2019 an hana harsashin dalma a farauta can gaba ɗaya, sai na jan ƙarfe. Kada kuma ka tura takardar nan zauren 'yan ajinmu yadda ka yi da waccan. A gida Najeriya libarba ba kayan kowa ba ce a doka, haɗa harsashi kuma ɗauri ne.

Akwai abin da ka tambaya a farkon saƙon, kafin ka fara zagi, na san ya shafi kuɗi, amma ya shige mini, wayar kuma tana hannun Hajiya tana kallon hotunan bikin. Ka sake turowa. In da mota za ku bi ta Kanada ku zo Babbar Sallah, ka bar bindigar a gida, ba a ƙetara iyakarsu da ƙaramar bindiga haka kawai. Kilishin mus ɗin bara yaji ya yi masa kaɗan, ka gaya wa Maman Biyu ni na faɗa, ba Hajiya ba.

Naka,
Ubangidanka na Zazzau