Baruch ko jami'a mai tsada: ina zan ƙarasa digirina?

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya mutanen gida? Ni 'yarki ce da ke sauraron shirinki ta intanet daga unguwar Bronx a birnin New York. Iyayena mutanen Zinder ne, Baba tasi yake tuƙawa, Mama kuma kitso take yi.

Ina gab da gama kwalejin shekara biyu da ke ƙarƙashin CUNY, wato jami'o'in gwamnatin birnin. Na haɗa kiredit 60, wato ma'aunin yawan darussan da na ci, saura shekara biyu in samu digiri a fannin akanta. Makarantu uku sun ba ni gurbi, kuma tun daga ranar barci ya ƙaurace mini.

Ta farko Baruch ce, mai makarantar kasuwanci ta Zicklin a titin Lexington da ke Manhattan. Kuɗinta dala 6,930 a shekara ga mazaunin jihar New York, kuma tallafin karatu na gwamnati, wato Pell da TAP, za su ɗauke mini nauyin. Da yake ita ma ta CUNY ce, darussan share fagen da na yi za su bi ni ƙarƙashin tsarin Pathways. Tana da shaidar AACSB, ƙungiyar da ke tantance ingancin makarantun kasuwanci, manyan kamfanonin akanta irin su Deloitte da KPMG suna ɗaukar ɗalibanta, ga shi zan shiga jirgin ƙasa da safe in dawo in ci tuwon Mama da dare. Sai dai jama'a sun yi yawa, yawanci daga gida suke zuwa, da an tashi aji kowa ya kama hanyar wurin aikinsa.

Ta biyu jami'ar Binghamton ce, tafiyar sama da awa uku a mota. Kuɗin ɗaki da abinci sun fi na karatun, kuma Baba ya ce 'yarsa ba za ta kwana wani gari ba aure ba. Wannan kam na kusa haƙura da ita.

Ta ukun ce ta tsaya mini a rai. Jami'a ce mai zaman kanta, mai suna, kuɗinta ya haura dala 60,000 a shekara. Sun yafe mini kusan rabi, sauran sai bashi. Da na kai musu takarduna, ma'aikaciyar da ta duba ta riƙa jan layi da jan biro a kan darussan da na sha wuya a kansu, har da darasin akanta na biyu, ta ce sai na maimaita. Ke nan ƙarin zango guda, ƙarin kuɗi. Bashin kuma akwai kuɗin ruwa a kansa, wani ɓangaren ma sai Baba ya sa hannu. Da na karanta masa takardar a kan teburin kicin, ya cire tabarau ya ce, "Riba ce, hannuna ba zai taɓa ta ba." Ni ma zuciyata ba ta natsu da ita ba, Allah ya sani.

Abin da ya hana ni yanke hukunci shi ne maganar wata malamata. Ta ce kamfanoni suna zaɓen ɗaliban da za su yi aikin koyon sana'a na bazara tun farkon shekara ta uku, daidai lokacin da mu masu canjin makaranta muke sababbi, ba mu san kowa ba. A ganinta, makaranta mai tsofaffin ɗalibai a manyan ofisoshi za ta buɗe mini ƙofa da wuri. Mu kuwa ba mu da kowa a waɗannan ofisoshin.

Anti, shin sunan makaranta ya kai in ci bashin da zan shekara da shekaru ina biya, in kuma saɓa wa Baba? In Baruch zan tafi, me zan fara yi tun wannan bazarar don kada a bar ni a baya? Ƙannena biyu suna tafe, duk hanyar da na bi ita za su bi. Dole in ba makarantun amsa kafin ƙarshen wata.

Allah ya saka da alheri.

'Yarki daga Bronx