Ɗalibin da Ya Yi Tambaya Kan Bizarsa Ba Mai Laifi Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ɗalibai masu karatu a ƙasashen waje suke haɗiyewa, ba sa faɗa ko a waya da gida don kada hankalin iyaye ya tashi. Ina nufin wulaƙancin da suke sha a hannun wasu jami'an shige da fice idan sun je yin tambaya kan bizarsu.

Ni ɗalibi ne mai digiri na biyu. Malamin da ke duba aikin bincikena ya nemi a ƙara mini wata 4 saboda gwaje-gwajenmu ba su kammalu ba, alhali bizata saura mako 7 ta ƙare. Tambayata guda ce: idan na shigar da takardar neman ƙarin wa'adi a kan lokaci, amma amsa ba ta fito ba har ranar ta wuce, ina nan kan ƙa'ida? Na aika imel sau biyu, shiru. Na buga waya, na'ura ta yi ta juya ni har layin ya katse. Sai na tafi da ƙafata, na bi layi tun da sassafe.

Da na isa gaban jami'in, ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Yana shafinmu na intanet." Na ce ranka ya daɗe na karanta, amma shafi biyu sun saɓa wa juna, ga su ma na bugo a takarda. Ya ture takardun da yatsa ɗaya, ya ce idan wannan ma ya gagare ni fahimta, to me nake karantawa a jami'a? Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ku mutanen nan, kullum dabarar zama kuke nema." Ya kira na bayana.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma abin da har yau ya tsaya mini a zuciya wata yarinya ce da ke layin, da ganinta sabuwar zuwa ce. Da ta ji abin da aka yi mini, sai ta mayar da takardunta cikin jaka a hankali, ta zare jiki ta fita. Ta tafi da tambayarta ba ta yi ba. Saboda ita na ɗauki alƙalami.

Malam Edita, ɗalibin da ya bar aji ya zo ofis yana tambaya, bin doka yake son yi. Mai niyyar ɓacewa cikin gari ai ba ya kawo kansa gaban hukuma da fasfo a hannu. An ce matambayi ba ya ɓata, to yaya matambayin da aka kora? Zai koma ya tambayi abokin ɗakinsa, ko zauren WhatsApp, ko dillalin biza da zai karɓi kuɗinsa ya faɗa masa abin da yake son ji. Da amsar da ba daidai ba zai wuce awannin aikin da aka yarje masa, ko ya makara wajen sabuntawa da kwana biyu. Daga nan sunansa ya shiga jerin masu karya doka, a tasa ƙeyarsa, hukumar kuma ta ce ga shi, dama mun faɗa. Gaba kura baya siyaki ke nan.

Kuma tambayar ta zama dole, domin ƙa'idojin ba sa zama wuri ɗaya. Dubi Kanada. A watan Nuwamban 2022 ta ɗage iyakar awa 20 a mako da ɗalibi zai yi aiki a wajen makaranta. Sassaucin ya ƙare a ƙarshen Afrilun 2024, aka koma 20, sannan a Nuwamban shekarar aka mayar da shi 24. Ɗalibi ɗaya ya rayu ƙarƙashin ƙa'ida uku kafin ya gama digiri ɗaya. Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyalansu daga 1 ga Janairun 2024, kuma a ƙarshen shekarar katin izinin zama ya daina aiki, aka koma biza ta intanet. Wanda ya ce a sake masa bayani a irin wannan hali, hankali ya nuna.

Wani abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda jami'i ke magana kamar hukumarsa ba ta taɓa kuskure ba. A Fabrairun 2014 BBC ta bankaɗo maguɗi a wasu cibiyoyin jarrabawar Turanci ta TOEIC a Birtaniya. Maguɗin gaskiya ne, ba na kare shi. Amma aka yi kuɗin goro, aka soke bizar mutum fiye da 30,000. Daga baya dubbai suka ɗaukaka ƙara suka yi nasara, kuma a 2019 ofishin da ke binciken ayyukan gwamnatin ƙasar ya ce ba a yi taka-tsantsan yadda ya kamata ba wajen kare waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Wasu sun shafe shekaru ba karatu ba aiki, ga kunyar a ce a gida an kama su da satar jarrabawa. A Amurka ma, cikin Afrilun 2025, dubban ɗalibai suka wayi gari an share matsayinsu daga rumbun SEVIS, inda gwamnati ke ajiye bayanan ɗaliban waje, wasu saboda ƙananan laifukan tuƙi. Sai da ƙararraki suka yi yawa a kotuna gwamnati ta ce za ta mayar da su, kafin watan ya fita. Hukumar da irin wannan ke faruwa a hannunta, ya kamata ma'aikacinta ya saurari mai cewa akwai kuskure a takardarsa.

Ba na musun haƙƙin kowace ƙasa na tsare iyakarta. Akwai masu takardun bogi, akwai masu fakewa da karatu, kuma na san jami'in da ya ga fuska ɗari kafin azahar ya gaji. Ya tambaye ni inda na samo kuɗin makaranta, zan amsa. Ya ce a'a idan doka ta ce a'a, zan karɓa. Amma faɗin a'a ba ya buƙatar cin mutunci. Amsar tambayata ma daga baya wata jami'a a wannan ofishin ce ta ba ni ita, cikin minti biyu, ta kuma rubuta mini sashen dokar a takarda. Aikinsu ɗaya, dokarsu ɗaya.

Kada kuma a manta cewa ɗaliban nan ba bara suka je ba. A zangon 2023 zuwa 2024 Amurka kaɗai tana da ɗaliban waje fiye da miliyan 1.1, kuma ƙungiyar NAFSA, ta masu harkar ilimi tsakanin ƙasashe, ta ƙiyasta abin da suka zuba wa tattalin arzikinta da kusan dala biliyan 44. A ƙasashe da dama ɗalibin waje yana biyan ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya. Ko da kyauta yake karatu mutuncinsa na nan, amma abin da ciwo jami'a ta yi ta zawarcinka da hotuna masu kyau, ka biya, ka iso, sannan a kalle ka kamar wanda ya hauro katanga.

Me ya sa ba ma kai ƙara? Saboda makomarmu tana kan teburin wanda za mu kai ƙararsa. Kowa na tsoron kada takardarsa ta "ɓata", ko a ɗiga masa alamar da za ta bi shi duk filin jirgin da ya sauka. Don haka nake kira ga hukumomin nan da su raba sashen ƙorafi da sashen yanke hukunci kan biza, su faɗa a rubuce cewa ƙorafi ba zai shafi takardar mutum ba, kuma kowane jami'i ya rataya lambarsa inda za a gani. Jami'o'in da suka karɓi kuɗinmu su daina cewa wannan ba huruminsu ba ne. Ofishin ɗaliban waje ya riƙa tattara irin waɗannan labarai yana kai su da sunan makaranta, tunda ita ba a soke mata biza. Ofisoshin jakadancin ƙasashenmu ma su buɗe ƙofa ga ɗalibai, ba sai an tsare wani ko an rasa rai ba.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka sa wakilanka su nemi ɗaliban nan su ji ta bakinsu, a sakaya sunayensu. Ka kuma aika wa hukumomin da tambaya su faɗi ƙorafi nawa suka karɓa daga ɗalibai bara, da abin da suka yi a kai. Ni ma na roƙi a sakaya nawa sunan, domin takardata tana hannunsu har yanzu.

Na gode.

Daga wani ɗalibi mai karatu a ƙasar waje