Injiniyan nan na wanke noza ya ja min asara, kuma kun sake saka shi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Daga Jidda nake rubuto maka, kuma gaskiya raina a ɓace yake. Ranar Asabar na ji kun maimaita hirar nan da injiniyan da ya ce wai wanke nozar mota, wato abin da ke fesa wa inji mai, ba sai an je gareji ba, kowa zai iya a ƙofar gidansa da sifana da gwangwanin feshi. Toh ni na bi maganarsa tun karon farko da kuka saka, kuma har yau ban gama biyan bashin da na ci ba.

Camry 2009 gare ni, da ita nake zuwa aiki nake kai yara makaranta, ta fara ɗan rawa in na tsaya a danja. Ranar Juma'a bayan la'asar na buɗe bonet kamar yadda ya ce. Malam, ko sau ɗaya mutumin nan bai faɗi cewa man da ke cikin layin a matse yake ba ko da an kashe mota, wajen bar 3 a ma'aunin matsi, sai an cire fiyus ɗin famfon mai an tada ita ta mutu da kanta sannan a cire kan batir. Ina sassauta layin fetur ya feso min a fuska ya zuba kan injin da bai huce ba, ga ɗana ƙarami tsaye kusa da ni yana riƙe min sifana, ga motocin maƙwabta jere a lungun. Allah ne kawai Ya kiyaye. Yanzu da mai sabuwar mota irin GDI ɗin nan ne, mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, wadda matsinta ya wuce bar 100, me kake tunanin zai faru da hannunsa?

Robobin bakin nozar ma bai ce a canja ba. Zafin ƙasar nan ya riga ya busar da su sun yi tauri, na mayar da su a haka, kwana biyu sai warin fetur ta cikin AC.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shine maganar ƙara wa mota ƙarfi, da ya ce a saka manyan nozoji mota za ta tashi kamar doki. Na je tashlih na Biriman, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci a Jidda, na sayo na wata babbar mota. Ashe kwamfutar mota lissafinta da girman nozarta ta asali take yi, in ka saka babba ba a sake mata saiti ba mai ne zai rinjayi iska. Fulogi suka yi baƙi ƙirin, salansa na hayaƙi, fitilar cek ta kama, mai kuma kamar ana zubarwa a ƙasa, lita ɗaya ta fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce fa, ni ba ɗan sarki ba. Da lokacin fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ya zo motar ta faɗi saboda hayaƙi.

A ƙarshe sana'iyya, unguwar garejin da ya ce kar mu je, can na kai ta. Bakaniken ya jera tsofaffin nozojina a kan na'ura mai kwalabe yana nuna min feshin kowacce, ɗaya ce kawai ta toshe, ya wanke su a injin girgiza ya sa sababbin robobi ya shafa musu ɗan baƙin mai. Da tun farko nan na zo da ko rabin abin da na kashe ban kashe ba.

Sannan wani abu, don Allah wa ya mayar da shirin ƙarfe biyar na yamma? Mu nan mun riga ku da awa biyu, ƙarfe bakwai kenan, tsakanin magariba da isha'i, rabin shirin muna masallaci. Saƙonni uku na turo ta WhatsApp ba a karanta ko ɗaya ba, kullum na Kano da Kaduna, kamar mu na nan ba ma saurare.

Ku dawo da mutumin nan ya gyara maganarsa da bakinsa, in ba zai zo ba ku daina saka hirar.

Naku,
mai sauraronku daga Jidda