Motar Ta Samu, Lambar Turunku Na Ɗaura Mata

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin can? Mu ma hazo ya sauko, da sassafe ko gadar Kawo da ƙyar ake hangowa.

Albishirinka! Motar nan da na daɗe ina yi wa tanadi ta samu. 'Yar ƙarama ce, ta hannu, amma alhamdulillahi. Jiya aka ɗaura mata lamba, bayan mun sha gardama da dillali. Shi so ya yi in yanki ta Abuja, wai ta fi kwarjini a hanya kuma ta fi daraja ranar sayarwa. Na ce masa ni TRK nake so.

Ka san haruffa ukun nan ba ado ba ne. Kowace ƙaramar hukuma cikin 774 ɗin ƙasar nan tana da nata, kuma yawanci daga sunan hedikwatarta aka ciro su. Shi ya sa Kaduna ta Arewa take DKA, wato Doka, ta Kudu kuma MKA, Makera. Jama'a tana da KAF saboda Kafancan, Zangon Kataf ZKW saboda Zonkwa. Mu 'yan Rigasa a Igabi muke, hedikwatarmu Turunku, garin da ake dangantawa da gidan su Sarauniya Amina. To don me zan bar wannan in ɗauko sunan garin da ban taɓa kwana ba? Ko ABJ ɗin da ake rububi a matsayin ta Abuja, ai ta ƙaramar hukumar Abaji ce. Ga kuɗin rajista, in na yanka a can, can zai tafi, alhali titunan Kaduna zan riƙa takawa.

A da a ƙarshe haruffan suke, sai da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fito da sabon tsari a 2011 suka dawo gaba. Tawa rubutunta shuɗi ne tunda ta gida ce. Ja na haya ne, kore na gwamnati.

Da na kai wa Baba ita, bai ko leƙa ciki ba. Durƙusawa ya yi ya goge ƙurar lambar da hannun rigarsa, ya ce, "Ta Turunku ce?" Ya daɗe yana sa albarka.

Ranar da za ka dawo ka sanar da ni da wuri, ni zan ɗauko ka daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
amininka na Rigasa.